Ƙasar Nomanmu Daga Dutse Ta Fito

Mutanen Majidaɗi da kewayen Jalingo, yau a kan ƙasar da muke takawa zan yi magana.

Duwatsun da ke kewayen garin nan, irin na wajen Kona, su ne iyayenta. Zafin rana ya sa dutse ya buɗe, sanyin dare ya sa ya tsuke, har ya tsage. Ruwan damina ya shiga tsagar, ya rinƙa cin sassa masu rauni har su zama yumɓu, masu tauri kuwa su zama yashi, irin wanda ke kwance a Mayo Gwoi da Lamurde. Saiwa ta kutsa, gara da tana su juya, ruɓaɓɓen ganye ya ba ƙasar ƙarfi. Hunturu ma kan yayyafa mata ƙurar da ya kwaso daga Bodele ta ƙasar Chadi.

Aikin nan ba ya sauri. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce samuwar ƙasa mai kaurin santimita 2 zuwa 3 kan ci har shekara 1,000. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an sare itatuwan gangare, an ƙone ciyawa. Da an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, sai ya kwashe ƙasar ya yi kogin Binuwai da ita.