Makon farko da sabuwar kwamfuta a gida

 

An ce in yi magana a kan yadda mutum zai fara aiki da sabuwar kwamfuta, tunda a 'yan watannin nan da yawa daga cikinmu sun yi ƙoƙari sun saya. Wani da kuɗin adashi, wani yayansa ne ya aiko masa, wata kuma na san sai da ta sayar da keken ɗinkinta ta cika. Ni ba injiniya ba ne. Difloma gare ni, kuma ba ma a fannin kwamfuta ba. Abin da zan faɗa muku asara ce ta koya min shi, shi ya sa zan fara da labarin asarar.

Shekarar da zan gama makaranta, mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu aka haɗa aka saya min laftof ta hannu don in rubuta furojet. Ranar da na karɓo ta ban ko je gida ba, na wuce wani shago na miƙa wa wani yaro na ce masa, “Saka min komai da komai.” Ya kuwa saka. Manhajar kashe bairos har kala uku, wasanni, da wasu abubuwan da har yau ban san amfaninsu ba. Na rubuta babi huɗu a cikinta. Wata rana na kai filash wani shagon buga takardu, na dawo na soka a kwamfutar, sai duk foldodina suka koma wasu 'yan hotuna masu kibiya a gindi, ka danna ba sa buɗewa. Kwamfutar ma ta fara nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Na koma wurin yaron nan, ya ce ai ba makawa sai an wanke ta. Ya wanke kwamfutar, ya wanke filash ɗin. Saura sati biyu in miƙa aiki. Wallahi a bakin shagon na zauna, na rasa abin da zan je in ce wa tsohuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai bayan shekara biyu na gano cewa wannan bairos ɗin ba ya goge fayil, ɓoye shi kawai yake yi. Aikina yana nan cikin filash ɗin har lokacin da aka wanke shi a gabana, ina tsaye ina cewa na gode.

To kun ji. Tun ran gini ake zane. Abin da ka yi wa kwamfuta a makonta na farko, da wanda ka bari ya taɓa ta, shi zai nuna ko za ta yi maka shekara biyar ko kuwa wata biyar.

Ranar farko, kafin ka saka waƙa ko fim, ka san me ka saya. Ka shiga Settings, ka danna System, ka gangara ƙasa zuwa About. A nan za ta faɗa maka gaskiyar da mai shago bai faɗa ba. Mutanenmu da an ce “Core i5 ce” shi ke nan an gama da su, alhali i5 ɗin ma iri-iri ce. Ka duba lambar da ke bayanta. In ka ga i5-4300, 'yar zubi na huɗu ce, ta kwana biyu a duniya. In ka ga i5-8250, zubi na takwas ke nan. Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne, kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafin da ya saba bai wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas take karɓar na'urorin Intel, ban da 'yan tsiraru. Wanda tasa tsohuwa ce kada hankalinsa ya tashi, za ta ci gaba da aiki, sai dai ya san ƙofarsa ba ta da sakata mai ƙarfi, ya rage yawon banza da ita a intanet. A wurin nan dai za ka ga RAM. In 4GB ce za ta yi rubutu, amma da ka buɗe shafuka biyar za ta fara nishi. In 8GB ce ka samu sauƙi. Sannan ka cika batir, ka zare caja, ka duba agogo ka ga awa nawa zai kai. Duk wannan a yi shi cikin kwanakin da mai shago ya ce in da matsala a dawo masa da kaya, kada sai an wuce a zo ana rantse-rantse a kasuwa.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce babbar mai kashe kwamfuta a garuruwanmu. Kayan nan an yi su ne don wutar da ke zaune wuri ɗaya, tamu kuwa kun san halinta: yanzu ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, an jima ta dawo da ƙarfin da zai fasa ƙwan fitila. Lokacin da ake dawo da wuta shi ne mafi haɗari. Saboda haka da an ɗauke, ka zare caja daga soket. In an kawo, ka bari yara su gama ihun murnarsu, ka ba ta 'yan mintuna ta daidaita, sannan ka soka. Haka in za a tayar da janareto ko za a kashe shi. Wanda ya sayi ta tebur, wadda ba ta da batir, shi aikinsa ya fi yawa, domin da an ɗauke wuta take mutuwa nan take da duk abin da yake rubutawa. Shi yana buƙatar UPS, wato ɗan akwatin nan mai batir da zai riƙe ta na 'yan mintuna ya adana aikinsa ya kashe ta cikin mutunci. Kada a rikita shi da sitabilaiza. Ita sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, ba ta ajiye wuta ko ta daƙiƙa ɗaya. Na ga wanda ya sayi sitabilaiza yana ta faɗa wai an cuce shi, an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu.

Caja kuma, in taka ta lalace, kada ka ce kowace ma in dai bakin ya shiga. Ka juya bayan tsohuwar ka karanta lambobin da ke jiki, ka nemi mai irinsu. Araha ba ta ado, a nan kam har gobara tana jawowa.

Sai zafi da ƙura. Laftof tana shaƙar iska ne ta ƙasanta ko ta gefe. Ka ɗora ta kan katifa ko filo kana kallon fim, ka toshe mata hanci ke nan, balle a watan Afrilu da mu kanmu muke neman inda za mu sa ranmu. A samu tebur, ko faranti, ko ɗan katako. Lokacin hunturu in an gama aiki a rufe ta a saka a jaka.

Akwai abin da zai ba ku haushi a makon farko, gara in faɗa muku tun yanzu. Za ka sayi data, ka haɗa kwamfuta da wayarka, kafin ka buɗe shafi biyu a turo maka saƙo wai datarka ta ƙare. Ba kamfanin waya ne ya sace ba, Windows ce take sauke gyare-gyarenta a ɓoye, kuma sabuwar kwamfuta tana iya shanye gigabait da yawa a zama ɗaya. Maganin yana cikin Settings, wajen Network, ka shiga sunan layin da ka haɗa, ka kunna abin da aka rubuta Metered connection. Ka gaya mata ke nan cewa datar nan da awo ake sayenta, ta yi a hankali. Amma kada ka hana ta gyaran gaba ɗaya, domin a cikinsa ake toshe ramukan da ɓarayin intanet ke bi. Ka ware dare guda ka sayi datar dare mai sauƙi, ko ka je inda ake da intanet na ofis ka roƙi alfarma, ka bar ta ta gama, tana jone da wuta.

Mu dawo kan yaron shago, don a nan na fi son ku saurare ni. Ban ce duk masu gyara macuta ba ne, akwai masu amana a cikinsu, wasu ma suna zaune a nan. Amma saitin farko, kai za ka yi da hannunka. Windows za ta tambaye ka imel da kalmar sirri. In ka bari wani ya saka nasa imel ɗin don a yi sauri, ka ba shi makullin gidanka. Yawancin sababbin kwamfutoci masu Windows 11 suna kulle duk abin da ke cikinsu da kansu, su ajiye makullin buɗewa mai lamba 48 a asusun Microsoft na wanda ya yi saitin. Ranar da ta rikice ta nemi lambobin nan, in asusun ba naka ba ne, sai ka shiga neman yaron da wataƙila ya bar garin. Ka buɗe imel naka, da lambar wayarka, ka rubuta kalmar sirrin a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Kuma don Allah a daina saka shekarar haihuwa ko sunan budurwa, duk unguwa an san su.

Manhajar kashe bairos kuwa, Windows ta zo da tata a ciki, Microsoft Defender, kyauta, kuma ta ishi mai aikin gida in dai yana barinta tana sabunta kanta. Ka tara uku a kwamfuta ɗaya, kishiyoyi ka haɗa a ɗaki guda, faɗan junansu kawai za su yi ta yi, aiki ya tsaya. Manhajojin sata da ake cewa an fasa, su ne babbar hanyar da cuta ke shigowa. In ba ka da kuɗin Microsoft Office, akwai LibreOffice, halal ce kuma kyauta, tana buɗe takardun Word da Excel. Akwai kuma Google Docs ga mai data.

Kwamfutar gida ba ta mutum ɗaya ba ce, mun sani. Ƙanne za su zo, 'ya'yan maƙwabta za su zo, kuma ba za ka iya hana su ba sai an ce ka yi kuɗi ka canza. To ka buɗe musu nasu asusun daban, na talaka, wanda ba shi da ikon saka manhaja ko taɓa fayilolinka. In za ka tashi ko alwala ce, ka danna maɓallin Windows tare da L, ta kulle. Musamman ku da ake ba ku ajiyar sunayen mutane da lambobin wayarsu, wannan amana ce, ba abin da za a bari a buɗe yaro yana buga ƙwallo a kai ba.

Sai abin da da na san shi da ban zauna a bakin shagon nan ba. Duk aikin da ke wuri ɗaya tak, ka ɗauka ba ka da shi. Kwamfuta tana faɗuwa, ana sace ta, ruwan sama yana zubowa ta rufi. Aikin da ka damu da shi ya zauna a wuri uku: cikin kwamfutar, cikin filash ɗin da ba ya zuwa shagon kowa, da kuma intanet. Duk mai Gmail yana da 15GB kyauta a Google, wanda ya haɗa da saƙonninsa da hotunansa, kuma takardun rubutu ba su da nauyi, dubbai za su shiga. Ko ba ka iya komai ba, ka tura wa kanka fayil ɗin ta imel duk daren da ka yi aiki. Filash ɗin zuwa buga takarda kuma ya zama daban, wanda ko ya ɗauko cuta ba abin da za ka rasa. Kana cikin rubutu, yatsanka ya saba da Ctrl da S kamar yadda ya saba da duba waya. In ka yi kuskure ka goge abu, Ctrl da Z za su dawo da shi. Kuma in wani ya ce maka sai an wanke, ka ce masa to, a fara kwashe min kayana tukuna, ina kallo.

Iyayenmu da ke nan, na san wasunku tsoron taɓa ta kuke yi kada ku lalata wa yaro kaya. Ranku ya daɗe, danna maɓalli ba ya fasa kwamfuta. Shayi ne ke fasa ta, da faɗuwa, da wuta. Ku zauna ku danna. Ku kuma bar 'yan mata su zauna a gabanta kamar yadda ake barin maza, domin tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, kuma muna ganin yaran da suka san amsa amma hannunsu na rawa a kan linzami saboda ranar ce farkon taɓawarsu.

Koyon bugu ba ya son gaggawa. Ku shafa kibod ɗinku, za ku ji ɗan tudu a kan F da kuma J. Nan manuniyar hagu da ta dama suke zama, sauran yatsu su jeru a gefensu. Minti ashirin kullum, ba tare da kallon hannu ba. Satin farko za ka ji kamar bugun yatsa ɗaya ya fi sauri, ka daure. Mu masu rubutu da Hausa kuma, akwai kibod ɗin Hausa a cikin Windows, a wajen Time and language ake ƙara shi, don mu riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ. A daina rubuta kasa mai karatu ya tsaya yana lissafin ƙasa ake nufi ko kuwa maciji.

Na ga shugaba yana duba agogo. Wanda ya zo da tasa ya buɗe ta yanzu, wanda bai zo da ita ba ya matsa kusa da na gefensa. Mu fara da Settings, kowa ya karanto min lambar da ke bayan i3 ko i5 ɗinsa. Hajiya, bismillah, ke za ki fara.