Likitan Hanta da Jibiya Ke Jira



Duk wanda ya tsaya a Magamar Jibiya zai ga motoci suna shiga da fita tsakanin Katsina da Maraɗi, ɗauke da hatsi, gyaɗa da fasinjoji. A cikin fasinjojin akwai masu neman magani: ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta tashi. 'Yan uwa su ce shawara ce, a yi ta jiƙe-jiƙe, sai an fara aman jini sannan a nufi asibiti. Da yawansu hanta ta riga ta ƙandare.

Babban mai laifi a nan ƙwayar ciwon hanta ce nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara. Askar wanzami da ba a tafasa ba tana yaɗa ta, haka ma uwa ga jariri. Sai kuma gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da laima; ta haɗu da wannan ƙwaya, dajin hanta ya samu ƙofa.

Shi likitan da zai tari wannan cuta ba a kwana ɗaya ake samar da shi ba. Shekara 6 a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa, sannan kimanin shekara 6 na neman ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. A nan yake koyon zura na'ura ta maƙogwaro ya ɗaure jijiyoyin da ke zubar da jini, da zuƙe ruwan ciki, da sanin wanda ya kamata a ɗora kan maganin tenofovir da wanda za a sa wa ido kawai. Mai son koyon dashen hanta kuwa sai ya ƙara wasu shekaru, yawanci a ƙasar waje.

Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a Denver ta Amurka a 1963, bai ga nasara ba sai 1967. Yau a Indiya da Masar ana yanko fiye da rabin hantar mai rai a dasa wa ɗan uwansa, kuma cikin ikon Allah ta sake tofowa a jikin su biyun cikin 'yan watanni. Can ne masu hali daga Arewa suke zuwa. Amma tiyatar somin-taɓi ce. Wanda ya dawo zai sha magani irin su tacrolimus har ƙarshen ransa, kuma dole a riƙa auna yawansa a jini: ya yi kaɗan jiki ya ƙi hantar, ya yi yawa ƙoda ta lalace. Wa zai duba shi a Katsina?

Ba wai Arewa ba ta iya ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Sai dai mai ciwon ƙoda yana da injin wankin jini da zai riƙe shi kafin a samu mai bayarwa, mai ciwon hanta ba shi da irin wannan. Dashen hanta kuma aikin gayya ne: mai fiɗa, mai sa barci, bankin jini, ɗakin kulawa ta musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa. A tura likita ɗaya Indiya ya dawo shi kaɗai, kuɗi aka zubar.

Saboda haka a fara daga tushe. Najeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kuma allurar farko tana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke kuɓuce wa jariran da ake haifa a gida. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci, majinyatansu ɗaya ne, kuma da Hausa suke faɗin ciwonsu. Gwamnatocin ƙasashen biyu su ɗauki nauyin horar da likitocin hanta tare, su sanya na'urar gwajin jini a asibitin Jibiya, kafin a zo maganar ɗakin dashe.