Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ma'aikatan Jinyar Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa

 

Mai girma Kwamishinan Lafiya, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban asibiti da shugabar wannan makaranta, malamanmu na addini, abokan aiki likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu mata da maza da suka baro gidajensu tun da sassafe, sai kuma ku 'ya'yana da muka taru dominku yau, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma taya ku murna.

Godiyata ta farko ga iyaye take. Na san akwai wanda da ɗansa ya ce zai koyi jinyar masu taɓin hankali, sai da 'yan uwa suka zo har gida suna ba shi baki, wai ya hana yaron, kada ya kwaso abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai wadda aka ce wa 'yarta ba za ta yi farin jinin aure ba. Kun toshe kunnuwanku, kun biya kuɗin makaranta a shekarun da buhun masara ma ya gagari mutane da yawa. Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku ci moriyarsu.

An nemi in yi magana a kan fasahar zamani da ƙirƙira da shugabanci a wannan fanni namu. Na san da yawa suna jiran su ji na kawo zancen kwamfuta da manhajoji. Zan kawo, amma ku yi mini haƙuri mu fara daga Abeokuta.

A shekarar 1954 wani matashin likita, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga Ingila ya kama aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta. Ya tarar da mutane na tsoron asibitin kamar gidan yari. A wancan lokaci dokar da ake aiki da ita ta 'yan mulkin mallaka ce, tun ta 1916, wadda babban abin da ta sani shi ne a tsare mai taɓin hankali a raba shi da jama'a. Lambo ya je ya zauna da dagatan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba marasa lafiya masauki a gidajensu. Kowane majinyaci ya zo da wani nasa, uwa ko ƙanwa ko goggo, ta dafa masa abincin da ya saba ci, ta wanke masa kaya. Da safe ya je asibiti a duba shi a ba shi magani, da yamma ya koma cikin mutane, ya je kasuwa, ya zauna a dandali. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, abin da ya sa wasu abokan aikinsa suka yi ta yi masa kallon wanda ya zubar da mutuncin karatun likita. Daga baya duniya ta zo Aro koyon wannan tsari, shi kuma ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ku lura, lokacin akwai sabuwar fasaha a hannunsa. Maganin da kuke kira Largactil bai fi shekara biyu da fara aiki a Faransa ba, a 1952 aka fara ba masu taɓin hankali shi a birnin Paris. Maganin ya taimaka ƙwarai wajen kwantar da wanda ya fita hayyacinsa. Amma da Lambo ya tsaya ga ƙwaya kaɗai, da an samu mutane masu barci a bayan ƙofar ƙarfe, shi ke nan. Abin da ya sa Aro ta yi suna shi ne ya tambayi kansa inda majinyacin zai kwana, da wanda zai ba shi abinci, da wanda zai karɓe shi idan ya warke.

Wannan tambaya har yau ita ce a gabanmu. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kowace shekara wasu na tattara kayansu su tafi Ingila ko Saudiyya ko Kanada. A nan Arewa manyan asibitocin wannan fanni ana ƙirga su da yatsun hannu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri wanda tun 2009 yake ɗauke da nauyin mutanen da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ƙari a kan haka ga shaye-shaye. Rahoton 2018 na binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da BBC ta nuna yadda ya cinye matasa, har da matan aure a cikin ɗakunansu. Babu yadda za a yi likita ya kai ga kowa. Ku ne za ku kai.

To, ina wayar salula ta shigo? Bari in kwatanta muku da abin da kowannenku ya gani a lokacin koyon aiki. Wata tsohuwa ta kawo ɗanta daga ƙauye, an kwantar da shi, ya samu sauƙi, an sallame shi da allurar wata-wata da ƙwayoyi. Katin asibiti tana ƙulle da shi cikin leda a bakin zane. Wata na farko sun dawo. Wata na biyu sun dawo, bayan ta sayar da akuya. Wata na uku damina ta sauka, hanya ta yanke, kuɗin mota ya ninka, yaron kuma ga shi garau yana zuwa gona, sai aka ce ai ya warke. Ko kuma wata rana wuyansa ya sanƙare, harshe ya fito, yawu na dalala, idanu suka kafe sama. Ku kun san illar magani ce, kun san abin da ake bayarwa ta lafa cikin ɗan lokaci. Su kuwa a gida abin da suka gani shi ne mutanen ɓoye sun dawo da fushi saboda an kai shi asibiti. Sai a zubar da ƙwayoyin, a kama hanyar wani gidan. Bayan wata shida a dawo mana da shi ɗaure da igiya a bayan a-kori-kura, ciwon ya fi na farko tsanani.

Kiran waya na minti uku zai iya hana wannan duka. Ma'aikaciyar jinya ta kira a mako na biyu ta ce, "Inna, yaya jikin nasa? Yana barci? Yana cin abinci? Idan kin ga wuyansa ya ƙage kada ki tsorata, maganin ne, ki kira ni." Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauyen, wanda aka horar da shi da tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008, ya yi masa allurar a can kusa da gida, idan ya ga abin da ya shige masa duhu ya kira likita a birni su duba majinyacin tare ta bidiyo. Sunan majinyacin da ranar allurarsa suna cikin kwamfuta, wadda za ta nuna wa mai kula da shi cewa wane bai zo ba, a neme shi. Tun da layukan salula suka shigo ƙasar nan a 2001, ba mu taɓa samun abin da ya rage nisa tsakanin ƙauye da asibiti kamar wannan ba, kuma ina ganin har yanzu ba mu ci rabin amfaninsa ba.

Sai dai ina da kashedi, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe. Wayar da ke gidan ta wace ce? Sau da yawa ta maigida ce, ko ta babban wa, kuma takan kwana a shagon mai caji inda kowa ke iya dannawa. Idan kuka tura saƙo mai ɗauke da sunan asibitin nan da sunan wata baiwar Allah da ke fama da ciwon damuwa bayan haihuwa, kuka ce ta zo karɓar magani, wa zai fara karantawa? Kishiya na iya gani. Dangin miji na iya gani. A garuruwanmu irin wannan labari yana kashe aure, yana hana ƙannenta mata samun miji. Saboda haka kafin ku rubuta lambar kowa, ku tambaye ta a keɓe: wace lamba za a kira, da wane lokaci, idan wani ya ɗauka me za a ce? Ƙasar nan ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka addini ya hore mu da rufa asirin ɗan uwa. Kada in ji ɗayanku ya ɗauki hoton majinyaci ko katinsa ya jefa a zauren WhatsApp, ko da sunan neman shawara ne. Wanda ya yi haka ya ci amana.

Haka kuma yawancin waɗanda za ku yi wa aiki ba sa karanta boko. Saƙon murya da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ya fi musu dogon rubutu amfani. Su kuma manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da matasa suka fara kai wa kukansu da tsakar dare, ban ce ku yi gaba da su ba, za su iya rage muku aikin rubuce-rubuce da fassara. Amma manhaja ba ta ganin cewa mutum ya rame, ba ta jin warin sholisho a rigarsa, ba za ta kuma tashi ta je gidan wanda ya ce ya gaji da duniya ba. Duk wanda ya zo muku da wata sabuwar na'ura, ku tambaye shi: idan majinyaci ya danna, wane mutum ne zai amsa a ɗaya ɓangaren, kuma wa ke biyansa albashi? Na sha ganin kwamfutocin da aka ƙaddamar da tafi da ɗaukar hoto, bayan shekara guda suna lulluɓe da ƙura saboda babu wuta, babu kuɗin data, wanda aka horar kuma an yi masa canjin wurin aiki.

Game da malamai da masu maganin gargajiya, ra'ayina a fili yake. Kafin majinyaci ya iso gare ku ya riga ya sha rubutu, an yi masa ruƙiyya, an turara shi. Idan kuka raina wannan, kun raina iyayensa, ba kuma za su dawo ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna majinyatan da aka yi musu wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Ku ba malamin unguwa lambarku. Ku tuna masa cewa Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtuka masu magani fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Amma akwai iyakar da ba a sasantawa a kanta. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019, mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala. Addu'a muna so, muna kuma yi. Mari da duka da horon yunwa kuwa, duk inda kuka gan su ku kai rahoto.

Ranka ya daɗe Kwamishina, yanzu na juyo gare ku. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙi kamar kowa. Amma doka ba ta sayen magani. Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin jiha ba: a ware wa wannan fanni kasonsa a rubuce cikin kasafin kuɗin lafiya, a kuma saki kuɗin. A sa magungunan farfaɗiya da na damuwa da allurar wata-wata a ƙananan asibitoci, a kuma sa ido sosai a kan irin su Exol, waɗanda majinyatanmu ke buƙata amma suke sulalewa zuwa hannun matasa a bakin tasha. A sanya waɗannan magunguna cikin inshorar lafiya ta jiha. A ɗauki waɗannan yara aiki tun kafin wasu ƙasashe su ɗauke mana su, idan kuma an ɗauke su, kada a tura wanda ya ƙware a jinyar ƙwaƙwalwa ɗakin haihuwa don kawai a cike gurbi. Kuɗin katin waya na ma'aikaciyar da za ta riƙa bibiyar majinyata bai kai kuɗin man motar rakiya ɗaya ba. Ga iyayenmu sarakuna kuma, kalma ɗaya daga bakin hakimi ko limamin Juma'a cewa wannan ciwo ne kamar hawan jini, tana yin aikin da mu ba za mu yi a shekara ba.

Ku kuma 'ya'yana, shugabancinku zai fara ne ranar da aka bar ku kaɗai a ɗakin majinyata da daddare. A nan za a ga ko kuna kiran mutum da sunansa ko da lambar gadonsa, ko kuna rubuta gaskiyar abin da ya faru a littafin aiki, ko za ku iya tsawata wa abokin aikin da ya ɗaga hannu zai mari majinyaci, ko da ya girme ku. Ku kula da kanku ma, aikin nan yana cin rai. Wanda ya ji nauyi ya yi masa yawa ya faɗa wa na gaba da shi, babu abin kunya a ciki. Ku riƙe lambobin juna da na malamanku, domin inda za a tura wasunku babu wani ƙwararre sai ku.

Ina roƙon Allah ya sanya albarka a takardun da za ku karɓa yanzu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya. Shugabar makaranta, bismillah, a kira sunayensu.