Ɗaurin Nesa: Daga Sidini zuwa Lakwaja



Zancena a yau kan wani irin horo ne wanda ba ya bukatar katanga, watau a raba mutum da ƙasarsa. A watan Janairu na 1788 jiragen ruwa 11 na Ingila suka isa Ostireliya ɗauke da fursunoni fiye da 700, aka sauke su inda birnin Sidini yake yanzu. Yawancinsu talakawa ne da aka kama da sata. Aikinsu saran daji da yin bulo da noma, ga yunwa, ga bulala. Kafin a daina wannan kora a 1868, an kwashi mutum wajen 162,000. Amma fa galibinsu sai da suka tsaya gaban alƙali, suka kuma san wa'adinsu: yawanci shekara 7, ko 14, ko rai da rai. Wanda ya cika wa'adi ya 'yantu, wasu ma har gona aka ba su.

To, mu dawo gida. A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu Maisango yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga bisani Lakwaja. Ba a yanka masa wa'adi ba, bai kuma sake ganin Dala ba har ya rasu a 1926. Can ne kuma Sarkin Zazzau Kwasau da Aliyu ɗan Sidi suka ƙare kwanakinsu. Ashe ɓarawon Landan ya fi Sarkin Kano sanin makomarsa!

Turawa sun tafi, al'adar ba ta bi su ba. An kai Sarki Sanusi na Ɗaya Azare a 1963, jikansa kuma Awe a 2020, sai a 2021 kotun tarayya ta ce wannan kora ta saɓa wa tsarin mulki.

'Yan'uwa, gobe wasunmu ne za su riƙa tsara takardun gwamnati. In aka miƙo muku umarnin korar wani daga garinsu, sarki ne ko talaka, ku tambaya: wace kotu ce ta yanke, kuma har yaushe?