Jatan Lande: Daga Teku Zuwa Tukunyar Miya

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Batun yau a kan jatan lande ne. Shi ne ɗan ƙaramin abin nan ja-ja da ake sayarwa busasshe a kasuwar Gusau, ana auna shi da gwangwani. 'Yan kasuwa suna ce masa kirefish. Wasu suna ƙyamarsa, wai ƙwaro ne. Ba ƙwaro ba ne. Dabbar ruwa ce, ɗan uwan ƙaguwa. Malaman Malikiyya kuwa sun halatta cin dabbobin ruwa.

Yadda Jikinsa Yake

Jatan lande ba shi da ƙaya a ciki kamar kifi. Ɓawo ne ya rufe masa jiki. Yana da ƙafafu 10 na tafiya, da wasu ƙanana na iyo, da gashin baki mai tsawo wanda yake laluben abinci da shi. Ɓawon ba ya girma. Saboda haka idan ya matse shi sai ya yi saɓa kamar maciji, ya yi sabo. Da rana yakan ɓuya cikin laka. Da dare yake fitowa kiwo.

Inda Yake Rayuwa

Najeriya tana da bakin teku mai tsawon kilomita fiye da 800, daga Legas zuwa Kuros Riba. Manyan jatan lande a can cikin teku suke yin ƙwai. Mace ɗaya takan zuba ƙwai dubu ɗaruruwa. Idan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, sai igiyar ruwa ta kawo su bakin gaɓa, inda koguna suke shiga teku. A nan akwai itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Cikin saiwoyinsu 'ya'yan suke ɓuya, su ci, su girma. Bayan 'yan watanni sai su koma teku. Idan aka sare itatuwan nan, ko ɗanyen mai ya malala cikin ruwan, to an kashe gidan renonsu.

Amfaninsa

Jatan lande iri-iri ne. Ƙananan, masunta suke kama su da kwalekwale a wurare irin su Oron ta Jihar Akwa Ibom. Mata su ƙyafe su, a ɗura a buhu, a kawo Arewa a mota. Manyan kuwa jiragen ruwa ne suke kama su. A daskarar da su a ƙanƙara, a kai Turai, ƙasa ta samu kuɗin waje. Akwai wani babba mai zane kamar damisa, wanda asalinsa daga tekun Asiya yake. Yakan kai tsawon santimita 30.

A gida kuma, abinci ne mai gina jiki. Ɓawonsa yana ƙarfafa ƙashi. Idan nama ya yi tsada, uwargida ta daka cokali biyu ta zuba a miyar kuka ko faten yara. Amma ta shinshina kafin ta saya. Wanda ya yi fumfuna ko yake warin maganin ƙwari, a bar shi. Wanda kuma ya ci ya ga borin jini ko kumburi, ya daina, ya je asibiti.

Darasi Ga Masuntanmu

A shekarar 1992 gwamnati ta yi dokar kamun kifi a teku. An hana manyan jirage jan raga kusa da gaɓa, har nisan mil 5 na ruwa. Dalili shi ne a bar ƙanana su girma, a kuma bar wa masu kwalekwale wurin neman abinci.

Wannan darasi ya shafi masuntan kogin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bunguɗu, da na madatsar Bakolori. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi. Gamalin yana kashe babba da ƙarami, ya ɓata ruwan sha na mutane da dabbobi. Wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi? Sarakunan ruwa su sa ido. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da sa'a, amin.