Ɗan Talaka da Kuɗin Jami'a



Tun 1961 Jami'ar Musulunci ta Madina take ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen duniya ba tare da ta karɓi ko sisinsu ba. Karatu kyauta, masauki kyauta, ga alawus duk wata. A nan marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi karatu, kuma kowa ya san amfanin da Kano ta samu da iliminsa. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙirguwa.

To, gida fa? A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, har da Jami'ar Bayero, iyaye suka shiga taskun rayuwa. A 2024 aka buɗe asusun NELFUND: bashi marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. An yi ƙoƙari, ba mu raina ba.

Amma bashi, ko ba ruwa, nauyi ne. Marayan da mahaifiyarsa ke sayar da ƙosai don ya ci abinci, kyauta ya kamata a yi masa, ba a ɗora masa bashi tun bai samu aikin yi ba. Tallafin jihohi kuma yakan tsaya ga ɗan wane da wane, ba a duba wanda ya fi buƙata.

Muna kira ga attajiranmu da hukumomin zakka da waƙafi: ku ware kaso na musamman domin ɗaliban da talauci ke neman korowa daga aji. Masu unguwanni da limamai sun san gidajensu, a tambaye su.