Ɗalibin Lajawa a Ajin Falsafa: Daga Ina Ya Kamata Darasin Ya Fara?



Yaron da ya taso daga Lajawa ya samu gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, injiniyanci ko noma ko lissafi ya je nema. Amma kafin ya kammala, dole ya zauna ajin falsafa da manɗiƙi, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa shi cikin darussan da kowa ke yi. Da yawa hadda suke yi, su juye a takardar jarrabawa, shi ke nan. Wasu kuwa a ɗarare suke shiga, don tun a gida an ja musu kunne cewa falsafa tana ɓata aƙida.

A ganina laifin na inda muke ɗauko zancen ne. Mukan fara da Girkawa, Suƙuraɗ da Aflaɗun da Arisɗo, mu tsallaka Faransa da Jamus, zango ya ƙare. Sai yaro ya ɗauka kayan baƙi ne. Alhali in ya taɓa durƙusawa a zaure aka biya masa Ummul Barahin ta Imam Sanusi, da hukuncin hankali aka buɗe masa karatun: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Malam ya ɗaga dutse ya ce, wannan ko dai yana motsi ko yana zaune, ba ya rasa ɗaya daga ciki, ba ya kuma haɗa biyun a lokaci guda. To, mene ne wannan in ba manɗiƙi ba?

Gardamar halaccin karanta manɗiƙi ma ba yau aka fara ta ba. Shehu Magili, wanda ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma mayar wa Imam Suyuɗi martani a baitoci sa'ad da shi Suyuɗin ya hana karanta wannan fanni. Manyan malamai biyu, kowa da hujjarsa. A daular Sakkwato kuma akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864. Ya bar rubuce-rubucen falsafa, ciki har da Futuhatur Rabbaniyya. Ɗalibai nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji?

Bayan falsafa akwai batun nazarin addinan duniya, wanda ya fi wannan tsauri, ba zan ɓoye ba. Jami'ar Ibadan da ta Jos sun daɗe suna nazarin addinai gefe da gefe, mu kuwa mun fi sabawa kowa ya karanta nasa. Amma a nan ma muna da magabata. Biruni ya koyi harshen Sanskirit kafin ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya jero aƙidun mutane a Milal wan Nihal kamar yadda masu su ke faɗinsu. Gazali kansa sai da ya bayyana manufofin masana falsafa a littafi guda, ya kuma rushe su a wani. Yaron da zai yi bautar ƙasa a Enugu, ko ya yi ciniki a Sabon Gari, ko ya haɗu da Bamaguje a kasuwar Wudil ranar Juma'a, gara ya san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi daga bakin mai shi, ba daga guntun bidiyon WhatsApp ba.

Shawarata ba ta buƙatar sabon sashe ko sabon gini. A ware makonni uku na farkon darasin ga Sanusi da Magili da ɗan Tafa, kafin a shiga Atina. A fassara zaɓaɓɓun shafuka zuwa Hausa da Ingilishi. Masu iya wannan aiki suna nan a sassan Larabci da nazarin addinin Musulunci na Jami'ar Bayero, kuma Kano da Wudil ba nisa. A kuma riƙa gayyato malamin zaure guda ya zauna a ajin, ɗalibai su yi masa tambaya.